Shekarar da Shagona na Cikin Waya Ya Yi Ƙaura

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku kife wayoyin nan a cinya tukuna, don maganar da zan yi ma a kan abin da ke cikinsu ne. Na daɗe ina jin wata magana tana yawo a gidan nan, wani lokaci a kicin, wani lokaci a bayan labule, wai Yagana ta ƙwace shagon turare daga hannun yayanta, ta rushe aikin da ya yi shekaru yana ginawa. Masu faɗa suna rage murya idan sun hango ni, sun manta cewa idona ne ya tsufa, kunnena yana nan ras. Ni ce mai turaren, a tsakar gidana aka yi kusan komai, saboda haka ni zan faɗa muku yadda aka yi, kada in tafi in bar ku da rabin labari.

Mu asalinmu Kanawa ne, fatauci ya kawo mahaifina Potiskum, a nan aka haife ni, a nan aka aurar da ni ga Alhaji, dillalin shanu. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah Ya haɗa ni da suruka Babarbariya wadda ta ɗauke ni 'ya. Ita ta koya mini turare tun muna tsohon gidanmu na Ngojin: yadda ake wanke farce, ɓawon nan na ruwa mai kama da farcen yatsa, a soya shi har ƙarninsa ya fita, yadda ake daka kajiji, yadda ake narka sukari a zuba icen sandal a juya kafin ya kama, yadda ake tsuma humra a kwalba a manta da ita sai ta nuna. Da muka dawo unguwar Yerimaram sana'ar ta biyo ni. Ni kuma kun san halina, ba mai fita ba ce. A ba ni tsakar gidana da kaskon wuta da wanda zan yi hira da shi, an gama mini komai. Mata ne suke zuwa su same ni, wata ta gaya wa wata, haka abin yake tafiya a hankali.

Wanda ya fara fitar da turarena daga unguwa shi ne ɗana na fari. Ba za ku ji sunansa a labarin nan ba, kamar yadda ba ku taɓa jin sa a bakina ba. Ku na yanzu kuna dariyar kunyar ɗan fari, har akwai marar kunyar cikinku da ta taɓa yi mini alkawarin atamfa idan na faɗa sau ɗaya. Mu haka muka taras: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yaba shi a gabansa, ba a nuna an damu da shi. Ƙannensa suna ce masa Yaya Babba, to ni ma Babba zan ce. Sana'arsa lodin shanu ne zuwa kudu, amma a ƙuruciyarsa ya ɗan zauna a wani shagon kwamfuta a cikin gari, ya koyi abin da ya koya da kansa, ba malami. Wata shekara ya shigo da tsohuwar kwamfuta a buhu, ya yi ta ɗaukar kwalabena hoto a kan farin zane, ya yi ta ƙwanƙwasa abin nan duk ranar da ba kasuwa. Ashe shago yake gina mini a yanar gizo. Ranar da ya gama ya zauna a zaure yana nuna wa Alhaji, yana karanta masa abin da ya rubuta da ƙarfi fiye da yadda zauren yake buƙata. Ni ina tsakar gida ina tankaɗe, ban ɗaga kai ba. Da ya shigo ya tsaya a kaina, sai na ce masa tuwonsa yana ɗaki. Abin da na ce ke nan.

Shagon nan ya yi albarka. Kore ne shar, da rubutu ruwan gwal mai walƙiya, har da wani kasko a sama da hayaƙi yake tashi daga cikinsa. Matan Gashuwa da Nguru da Azare da Maiduguri, har da Kano, suka fara aiko da saƙo. Lambar Babba ce a jiki, shi ake kira, shi yake kai kaya tasha. Haka muka yi shekaru, har na ɗauki mata biyu suna taya ni daka.

To amma kome ya yi farko yana da tsakiya. Zamani ya juya, mutane suka bar kwamfuta suka koma waya, shagon Babba kuma ba a gina shi don waya ba. Ni ba na karanta shi, amma ina jin abin da mata suke faɗa idan sun zo. Wata ta ce rubutun kamar ƙwayar gero, sai ta buɗa da yatsu biyu, idan ta buɗa kuma hoton ya gudu gefe. Wata ta ce kafin hayaƙin kaskon nan ya gama tashi datarta ta ƙare. Idan na sake haɗi ko na sauya kwalba, sai an jira Babba ya dawo daga kudu ya gyara, shafi bayan shafi, domin kowanne da hannu ya gina shi daban, kamar ɗakunan ƙasa da kowanne da irin yaɓensa. Wani lokaci ya gyara nan ya manta can, mace ta aiko tana neman abin da na daina yi tun bara.

A wannan lokacin ne autata ta gama jami'a ta dawo gida. Sunan surukata aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Yagana, wato ƙaramar uwa da Barbarci. Ita karatun gina shafuka ta yi, tana zaune a ɗakinta da laftof tana yi wa mutanen da ba ta taɓa gani ba aiki. Mun dace da ita, ni ba na fita, ita ba ta fita, sai hira. Wata rana ina juya sandal a tukunya ta zauna kusa da ni ta ce:

"Inna, shagon nan yana son ƙaura."

"Ƙaura zuwa ina? Ba a cikin waya yake ba?"

"A cikin waya zai zauna. Ginin ne ya tsufa. Akwai sabon tsari da ake gini a kai yanzu, firemwok ake ce masa."

Na sa ta maimaita kalmar har ta zauna mini. Sai ta ɗauko tandar masa da ke jingine a bango ta ce in duba. Ta ce aikin Yaya kamar mai mulmula kowace masa da hannu ne, wata babba wata ƙarama. Sabon tsarin kuwa tanda ce: a gina gurbi ɗaya mai kyau, na hoto da suna da bayani, kowane turare a zuba shi a ciki ya fito daidai, ko a babbar waya ko a ƙarama. Kwalliyar kuma, launi da girman rubutu da tazarar da ke tsakani, ta ce wuri ɗaya ake ajiye ta kamar ankon biki, a zaɓi zane sau ɗaya kowa ya fito da shi. Idan na ce a sauya launi, wuri ɗaya za ta taɓa, shagon duka ya sauya riga. Ta ce har ni, da ɗan karatuna, zan iya sauya hoton kwalba daga wayata ba tare da na jira kowa ba.

Na gane maganarta sarai, kuma na san gaskiya ce. Abin da na sani wanda ita ba ta gama sani ba shi ne yayanta. A gidan nan, tun da yara suka yi aure suka watse, doka ɗaya na kafa: duk Juma'a bayan masallaci kowa ya zo a ci abinci a faranti ɗaya, maza a zaure, mata a tsakar gida, a bar ƙofa a buɗe ana jifan juna da magana. Ban tara gidaje ba, ban tara shanu ba, farantin nan shi ne dukiyata. A irin wannan Juma'ar Yagana ta kawo maganar, da ladabinta, ta durƙusa a bakin zaure. Babba ya saurara har ta gama, ya suɗe hannu, ya ce:

"Auta, lokacin da na gina shagon nan ke majina kike sha."

"Na sani, Yaya. Shi ya sa na zo neman izini."

"Me ya same shi? Ya faɗi ne?"

"Bai faɗi ba, nauyi ya yi. Kaskon nan na sama kaɗai ya fi buhun gero nauyi a waya."

Ƙannensa suka yi dariya. Da ba su yi ba, wataƙila da ba a kai inda aka kai ba. Alhaji, wanda bai taɓa ganin wuta bai ƙara mata ice ba, ya ce ai ko saniya idan ta tsufa ana kai ta kasuwa. Babba bai kula shi ba. Ya ɗaga murya yadda zan ji daga inda nake, ya ce:

"Turaren ba nawa ba ne, ba na Auta ba ne. Mai shi ta faɗa."

Ina riƙe da ludayi. Na san idan na ce a bari, matan da suke daka a gidana aikinsu zai ci gaba da raguwa, yarinyar nan kuma za ta koyi cewa a gidan ubanta ilminta ba shi da kujera. Na san idan na ce a yi, akwai abin da ya kamata in haɗa da shi, in ce ya yi ƙoƙari, in ce shi ya fara, in ce ba don shi ba da ba a san ni ba. Wannan kuwa ba maganar da uwa take yi wa ɗan fari a gaban jama'a ba ce, bakina bai san hanyarta ba. Sai na ce:

"A bar yarinya ta gwada."

Ya ce to. Ya wanke hannu, ya yi wa mahaifinsa sallama, ya fita. Da yamma ya aiko wa Yagana mabuɗin shagon ta waya, wato kalmomin sirrin da ake shiga da su, babu gaisuwa a sama, babu sai anjima a ƙasa. Juma'ar da ta biyo baya aka ce yana kudu. Ta bayanta aka ce mota ta lalace. Daga nan aka daina kawo dalili. Matarsa da yara suna zuwa, shi ba ya zuwa. Yana gaida mahaifinsa a kasuwa, yana aiko mini da cefane, ba wanda zai ce ya yi rashin ladabi. Amma gefen farantin da yake zama ya zama fili, ƙannensa ba sa matsawa su cike shi, ni kuma ina jin rashin muryarsa kamar yadda harshe yake jin gurbin haƙori.

Duk damunar nan Yagana tana aiki. Ban taɓa ganin mai haƙuri irinta ba. Ba ta rushe tsohon shago ba, ku ji wannan da kyau. Gefe ta gina sabon, a ɓoye, tsohon yana buɗe mutane suna shiga. Ta bi duk ƙofar da ke gaban shagon, wato wuraren da ake taɓawa a shiga, ta kwashe abin da ke bayan kowacce, hoto da bayani, ta zuba a tandarta. Ta rage wa hotuna nauyi. Ta kawo mini launuka a fuskar laftof in zaɓa, na zaɓi ruwan humra, wanda yake tsakanin ja da ƙasa. Ta ari tsohuwar wayar mai yi mini daka, mai fasasshen gilashi, ta ce idan ya buɗe a wannan zai buɗe a ko'ina. Idan abu ya ƙi, ina jin ta tana yi wa laftof faɗa da Turanci, idan ya yi kuma sai ta fito ta ɗebi gyaɗata ba tambaya. A cikin kayan Babba ta tarar da wani tarin shafuka da babu ƙofar da take kaiwa gare su, da sunaye irin na barkwanci: na mai tsawo, na gwaggon tasha, na mai tsawo na biyu, kar a sake. Ta aika masa tana tambaya ko mene ne. Ya amsa mata da cewa ai ita ta yi jami'a. Ta ɗauka gwaje-gwajensa ne na lokacin koyo, ta tattara su ta adana a gefe, ba ta goge ko ɗaya ba, amma ba ta kai su sabon gini ba.

Bayan an yi girbi aka buɗe sabon shago. Jama'a, abin ya yi kyau. Kafin ka ƙifta ido ya buɗe. Na sauya hoton kwalba da yatsana, ni da kaina, na kira Alhaji ya gani, ya ce saura in fara tuƙa tirela. Sababbin mata suka fara aiko da saƙo ta sabuwar lambar da Yagana ta sa. Sai dai kunnena ya lura da wani abu da lissafin laftof bai nuna ba tukuna: muryoyin da na saba ji sun ɗauke. Manyan dillalan kayan aure, waɗanda suke saye da yawa idan lokacin bukukuwa ya zo, shiru. Na ce wataƙila shekarar ce.

Wata safiya ina tsakar gida na baza farce a rana, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa, irin wadda ba a yi a gidan lafiya. Mata uku suka shigo da manyan mayafai, idanu a ƙasa. Ta gaba ita ce Hajiya Zara ta Gashuwa, doguwar mace, babbar dillaliyar kayan amare, wadda ta fi kowa sayen humrata. Ta ɗago kai ta gan ni a kan kujera 'yar tsugunne da faifai a hannu. Ta ja da baya har ta taka ta bayanta.

"Hajiya, ke ce?"

"Da wa kike tsammani?"

"Mu fa gaisuwa muka zo."

"Gaisuwar wa?"

Ta dubi 'yan rakiyarta, ta dube ni, ta ce, "Taki."

Sai da na sa aka kawo musu ruwa, muka yi dariya har hawaye, sannan labarin ya fito. Ashe shekarun nan duka, duk babbar dillaliya Babba yana gina mata shafinta na kanta, da haɗin da take so, wanda ba a sayar wa kowa sai ita. Ba ya sa masa ƙofa a gaban shago don kada kishiyoyin sana'arta su gani. Adireshin kawai yake aika mata, ita kuma ta riƙa tura wa iyayen amare su zaɓa, daga biki zuwa biki, daga waya zuwa waya. Waɗannan matan ba su taɓa shiga ta ƙofar gaba ba, ba su ma san da ita ba. Da aka yi ƙaura, Hajiya Zara ta taɓa adireshinta ta ga wayam. Ta kira lambar da ta sani, ta Babba, shi kuwa ya daina ɗaukar kiran turare, a ganinsa an sallame shi. Ta tambayi wata ta Nguru, ita ma nata wayam. Wata ta ce ai ta ji Hajiyar ba ta da lafiya. Kafin maganar ta zagaya guruf ɗin matan na waya ta dawo, har an yi mini wanka an binne ni.

Alhaji ya shigo ana cikin haka, aka ba shi labari. Ya zauna a bakin rijiya yana dariya yana tari, ya ce shi ba a kyauta masa ba, da an sanar da shi da wuri da ya fara neman wata. Sannan ya dubi Yagana, wadda ta tsaya jikin bango fuskarta ta yi fari, ya ce:

"Ko mu da muka tashi daga Ngojin, sai da muka bar sallahu wurin maƙwabta."

"A yanar gizo ma haka ake yi, Baba," in ji ta. "Duk tsohon adireshin da na sani na bar masa mai nuna hanya zuwa sabo. Waɗannan ne ban san gidaje ne da mutane a ciki ba."

Ta ce shafukan suna nan a adane, tana iya dawo da su kafin azahar. Matsalar ita ce babu sunan kowa a jiki sai laƙabin da Yaya ya raɗa, kuma wasu haɗin da aka gwada aka ƙi ne. Na mai tsawo guda nawa ne, wanne Hajiya Zara take amfani da shi, wanne ne ta ce yana sa amarya atishawa? Ni na san haɗin a hanci, ban san wanne ya sa a wane shafi ba. Idan aka buɗe wa mace na wata, an tona asirin sana'arta. Mutum ɗaya ne a duniya ya sani. Yagana ta ce za ta je ta ba shi haƙuri. Na ce ta zauna, ba ita ta yi masa ba.

Ranar kasuwa ce. Na yi wanka, na saka mayafina na zuwa suna, na ce a tsayar mini da Keke. Alhaji ya tambaye ni ina zuwa, na ce kasuwar shanu. Ya buɗe baki bai rufe ba. Shekarun da na yi a garin nan ina cin abincin kasuwar nan, ƙafata ba ta taɓa taka ta ba. Mai Keken ya sauke ni a bakin wurin lodi. Ƙaho ko'ina, kuka ko'ina, Fulatanci ta nan, Barbarci ta can, Karekare da Bolanci suna gilmawa, ga warin kashin shanu ga ni da humra. Na hango shi a saman tirela, yana tsaye a kan katako yana ba da umarni. Wasu dattawan dillalai abokan Alhaji suka gane ni, suka taso, kuma sun san sarai wanda na zo nema.

"Hajiya da kanta? Wa za a kira miki?"

"Ku kira mini na saman motar can."

"Su huɗu ne a sama, Hajiya. Faɗi sunansa mana."

"Wanda ya fi sauran taurin kai."

Suka kwashe da dariya, suka ɗaga murya suka kira shi da sunansa. Ya waiwayo. Ban taɓa ganin babban mutum ya sauko daga mota da sauri haka ba. Ya durƙusa a cikin ƙurar nan, ya ce lafiya, wani abu ya sami Baba ne? Na ce Babansa yana gida yana neman wadda zai aura. Na gaya masa an zo ta'aziyyata daga Gashuwa, na gaya masa dalili. Ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suna motsi, na san dariya yake dannewa da kunya a haɗe. Sannan fuskar ta koma yadda take, ya ce:

"Ai Auta ta iya. Ni aikina na 'yan koyo ne, ba wanda ya taɓa cewa ya ga amfaninsa."

Ban dube shi ba. Na dubi wani farin bijimi da ake ja, na yi magana kamar da bijimin nake. Na ce:

"Wannan turaren Innarmu ne. Ita ba ta fita ko'ina, amma ƙamshinta ya riga mu zuwa garuruwan da ba mu taɓa gani ba. Idan kin buɗe kwalbar, kin shigo tsakar gidanmu, sannu da zuwa."

Maganar da ya rubuta a saman tsohon shago ke nan, wadda ya karanta wa Alhaji a zaure ranar da nake tankaɗe. Sau ɗaya na ji ta. Ban sauya ko kalma ba, har inda ya ja numfashi na ja. Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yi, ni kuma ban bar kallon bijimin ba. Na ce masa gari ma na tankaɗe shi sau uku ranar nan don kada in tashi. Na ce ya ciro wayarsa ya buɗe sabon shagon, tunda na san bai taɓa buɗewa ba. Ya ciro, hannunsa duk ƙasa. Kafin ya gyara riƙo shagon ya buɗe. Koren ya tafi, gwal ɗin ya tafi, kasko da hayaƙinsa sun tafi. Amma a can sama, kafin hoto, kafin komai, maganarsa ce zaune da manyan baƙaƙe a kan ruwan humra. Ita ce abu na farko da Yagana ta ɗauka ta kai sabon gini, tun kafin kowa ya yi fushi da kowa ya huce. Ban sa ta ba. Ni ma sai da ta karanta mini na sani.

Ya daɗe yana kallo. Ya goge fuskar wayar da hannun riga, ya ƙara ɓata ta. Sai ya ce:

"Rubutun ya yi girma da yawa."

Na ce ya zo ya gaya mata da kansa, Juma'a akwai dambu.

Bai jira Juma'a ba. La'asar ɗin ranar ya shigo da kayan kasuwa a jikinsa, ya zauna a tabarma kusa da ƙanwarsa, laftof a tsakaninsu, Hajiya Zara tana gefe tana shan kunu tana gyara musu. Yana faɗa, tana ɗauka tana zubawa a tanda, tana barin mai nuna hanya a kowane tsohon adireshi, yadda duk matar da ta taɓa abin da ke wayarta tun shekarun baya za ta faɗo cikin sabon ɗakinta ita kaɗai. Ina jin su daga bakin murhu.

"Na mai tsawo na biyu shi ne na gaskiya. Na farkon ki binne shi."

"Yaya, wace ce gwaggon tasha?"

"Ba ruwanki. Ta Azare ce, kada ki bari ta ji."

"Kar a sake fa?"

"Wannan haɗin Baba ne, ranar da ya ce shi ma ya iya."

Ta nuna masa yadda ake taɓa wuri ɗaya shago duka ya sauya launi. Ya sa ta mayar da shi kore, ya kalla, ya ce ta mayar da na Inna, koren ya yi kama da motar haya.

Ba zan ce muku ba a yi asara ba. Bikin da Hajiya Zara take neman turare dominsa ya wuce, amaryar da turaren wata aka kai ta, dillalai biyu kuma sun riga sun kama wata hanya ba su dawo ba. Babba bai ƙara gina shafi ba, tsohuwar kwamfutar tana ƙarƙashin gadonsa, na san akwai abin da ya mutu a nan wanda dambu ba ya tayarwa. Juma'o'in damunar nan da gefen farantina ya zauna fili, ba mai dawo mini da su. Yayata ta yi wata guda tana yi mini gorin na je kasuwar maza na zubar da kunyar ɗan fari, ko da yake na gaya mata ta tambayi duk wanda ke wurin ko ya ji suna a bakina. Dillalan nan kuwa har yau idan sun gan shi sai su ce ga na saman mota.

Amma shagon yana nan, ya fi da. Mata huɗu suke daka a gidana yanzu. Manyan dillalai lambar Babba suke kira har gobe, shi ya san halin kowacce, Yagana kuma tana riƙe da ginin. Ni na haifi wanda ya fara da hannunsa ba malami, na haifi wadda ta ɗauke shi cak ta sauke a sabon wuri ba tare da ta zubar da na yayanta ba. Juma'a kuma farantina a cike yake, sai dai faɗan wa ya cinye nama.

To yanzu ku ɗauki wayoyin da na ce ku kife, ku buɗe shagon. Ku da kuke cewa an ƙwace, an rushe, ku karanta mini abin da ke can sama da ƙarfi yadda zan ji: maganar wa ce, kuma hannun wa ya ɗauko ta ya kai ta can?